Hayaƙin janareto da matattun batura: wa ke kula da ɓarnar harkar waya da intanet?

Mai Gyara PZ:

Assalamu alaikum jama'a. Ni mai gyaran waya ne a PZ, nan Sabon Garin Zariya, kuma ina da teburin caji a bakin shago wanda ƙanena ke zama a kai. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo ta nan tunda akwai malamai da injiniyoyi a cikinmu.

Kusan kullum sai na ji maganar sauyin yanayi a rediyo. Na ji cewa a 2021 marigayi Shugaba Buhari ya je taron Glasgow ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba, ya dawo kuma ya sa hannu a kan dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba na shekarar. Amma duk sanda aka zo bayani, abin da ake lissafawa shi ne motoci, da iskar gas da ake ƙonawa a Neja Dalta, da masu sare itace suna gawayi. Harkarmu ta waya da intanet ba a sa ta a lissafi, kamar ita ba ta da datti.

Ni kuwa a cikinta nake wuni. Ku zo layinmu da rana tsaka idan an ɗauke wuta. Nan take kowane shago zai ja igiyar janaretonsa: mai gyara da nasa, mai tura karatu da fim da nasa, mai POS da nasa, mai kafe da nasa. Hayaƙi ya taru a ƙarƙashin rumfa ya rasa hanyar fita, ido na yaji, kwastoma sai ya ɗaga murya kafin ka ji abin da ke damun wayarsa. Ba wanda ke yi don son rai. Ƙarfen narka dalma da injin hura iska mai zafi ba sa aiki sai da wuta, wayoyin caji kuma da la'asar masu su za su zo karɓa. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin a cire tallafi a Mayun 2023, ba wanda ke kashe inji. Da ta haura naira 1,000 sai muka koma tara aiki, a tayar da inji a yi a kashe.

Akwai kuma ƙarfen sabis a bayan gidanmu a Muciya. Injinsa ba ya hutawa dare da rana, bangon da salansa ke kallo ya yi baƙi ƙirin.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kwalin da ke ƙarƙashin teburina. Kumburarrun batura, fasassun sikirin, cajojin da suka ƙone, da wayoyin da masu su suka ce in bar su kawai. 'Yan gwangwan na zuwa su sayi fanel, wato allon na'urorin da ke cikin waya, su bar mini sauran. Batir babu mai so. Na kuma san inda irin wannan kaya ke ƙarewa: a kai bola, a cinna wuta da yamma, abin da ya rage ruwan sama ya kwashe shi zuwa kwalbati, daga can sai Kubanni. A bakin Kubannin nan kuma ake noman alayyafo da latas da muke saya a kasuwa.

Wayoyin yanzu ma ba a yi su don gyara ba. Da, da farce za ka ɓalle murfi ka canja batir. Yanzu an manne komai da gam, sai ka gasa bayan wayar kafin ta buɗe, kuma kuɗin sikirin na asali yakan sa mutum ya ce gara ya ƙara kaɗan ya sayi sabuwa. Na sha riƙe wayar da lafiyarta ƙalau, amma manhajar banki ta daina hawa kanta saboda kamfanin ya daina sabunta ta. Waya mai rai, a jefa ta a kwali.

To don Allah masu sani, shin gwamnati na da wata doka ko manufa a kan wannan ɓangare namu? Wace hukuma ce ke da alhaki, hukumar sadarwa ta NCC ce ko hukumar fasahar zamani ta NITDA ko ma'aikatar muhalli? Ƙasashen da suka riga mu me suke yi? Kuma idan an tashi gyara, a kanmu ƙananan 'yan kasuwa nauyin zai faɗo ko a kan masu shigo da kayan?

Injiniyan Ƙarfe:

Wa alaikumus salam. Malam Mai Gyara, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi, domin kula da ƙarfen sabis ne aikina, daga cikin Zariya har ƙauyukan Giwa da Soba da Maƙarfi. Bari in tsaya a kan wannan, sauran in bar wa masu shi.

Yawancin ƙarafan da kake gani ba na kamfanonin layi ba ne yanzu. Tun wajen 2014 suka sayar da dubbansu ga kamfanoni irin su IHS da American Tower, suka koma biyan haya. Wannan ya sa ƙarfe ɗaya ke ɗaukar eriyar kamfani biyu ko uku, inji ɗaya ya ba su wuta, maimakon kowa ya kafa nasa a unguwa ɗaya. NCC ce ta fitar da ƙa'idojin wannan tarayya, kuma a ganina babu manufar da ta rage hayaƙi a harkarmu kamarta, duk da don rage kashe kuɗi aka yi ta.

Idan ka leƙa cikin shingen za ka ga janareto, wani wurin biyu suna karɓa-karɓa, da tankin dizal, da akwatin batura, da na'urar da ke juya wuta zuwa irin wadda kayan ke sha, da abin sanyaya su. Kayan nan ba sa yarda wuta ta yanke ko na ƙiftawar ido. Kamfanonin da bakinsu sun sha faɗin cewa suna ƙona fiye da lita miliyan 40 na dizal kowane wata a faɗin ƙasar nan. Kowace lita kuwa tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Ka yi lissafi da kanka: sama da tan 100,000 ke nan a wata guda, daga ƙarafan sabis kaɗai, ba a sa janareton shagonka ba.

Ku tuna Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu. Duk kiran da aka yi a kwanakin nan, duk kuɗin da aka tura, a kan dizal aka yi shi. Mu muka riƙa bin ƙarafa da jarkoki har cikin dare. Kuma ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da NCC ta amince da shi a Janairun 2025, tsadar makamashi na cikin manyan dalilan da aka kawo. Wato hayaƙin nan mu ne ke biyan kuɗinsa a duk katin da muka loda.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, an ma fara shi. Inda aka sa faifan sola da batirin litiyam, injin da ke wuni ya kwana yana aiki sai ya koma 'yan awanni. Amma akwai abubuwan da mai zaune a ofis ba ya gani. Na taɓa isa wani wuri da sassafe na tarar an fasa akwati an kwashe baturan kaf, maigadi dattijo a ɗaure a gefe. Batirin da aka sace yau, gobe yana gidan wani yana ba shi wuta, kamfani kuma sai ya koma wa inji domin shi ba a ɗaukarsa a kan babur. Ga ƙura: da hunturu buji kan rufe faifan, idan ba a bi ana gogewa ba wutar da yake bayarwa ta ragu ƙwarai. Ga kuma fili. A ƙauye akwai wuri, amma a cikin Tudun Wada inda ƙarfe ke matse tsakanin gidaje, ina za ka shimfiɗa faifai? A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Abu ne mai kyau, saura mu ga ana kama masu saye, domin su ne ke sa ɓarawo tashi da dare.

Da za a tambaye ni, sai in ce NCC ta wajabta wa kowane kamfani ya riƙa bayyana wa jama'a yawan dizal ɗin da ya ƙona a shekara da adadin ƙarafansa da suka koma sola, a kuma sa wa'adi. Abin da ba a auna ba, ba za a san ko yana raguwa ba. Sannan tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, me zai hana a ba da dama a kafa sola babba kusa da ƙarfe, ƙarfen ya sha, ragowar a sayar wa shagunan da ke kewaye? Mutanen da ke shan wuta daga wurin su ne za su fi kowa gadinsa.

Maman Khalifa Tudun Wada:

Injiniya, Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Amma ni tsorona ɗaya ne, kuma shi Malam Mai Gyara ya ambata a ƙarshe. Ina da shagon POS, da shi nake ciyar da yara. Duk sanda na ji an ce za a gyara wani abu, abin da ke biyo baya shi ne mutum da rasit a hannu. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Su can suka ƙona gawayin ƙasa shekara da shekaru suka gina ƙasashensu, mu ambaliya ta ci Maiduguri a 2024, ta ci Mokwa a 2025, sannan a zo a ce ɗan janaretona ne matsala?

Ni na ma bar janareton. Na yi adashi na sayi faifan sola da batir da infata, don kuɗin mai ya fi ƙarfina. Ba a je ko'ina ba batirin ya daina riƙe caji, ashe tsoho ne aka yi wa fenti aka manna masa sabuwar takarda. Wanda ya sayar mini ya ce kaya ya fita ya fita. Idan gwamnati na son mu koma sola, to ta fara da tsare mu daga jabun kaya. Wanda aka cuta sau ɗaya zai koma wa fetur, kuma zai hana maƙwabcinsa saye.

Malam na Samaru:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a nan Samaru, kuma wannan batu na cikin abin da nake bibiya. Zan ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Malam Mai Gyara, harkarku na cikin lissafi. Ƙiyasin da Bankin Duniya da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kawo ya nuna fasahar sadarwa na fitar da tsakanin kashi 1.5 zuwa 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, kusan daidai da na jiragen sama. A ƙasashen da suka ci gaba, abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne cibiyoyin adana bayanai, wato manyan gine-ginen da ke cike da kwamfutoci inda saƙonninmu da hotunanmu ke zaune. Hukumar makamashi ta duniya ta ce a 2024 sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya, kuma ana hasashen zai ninka fiye da sau biyu zuwa 2030, musamman saboda ƙirƙirarriyar basira. A Ailan sun sha kashi 21 cikin 100 na wutar ƙasar a 2023. Singafo ta dakatar da gina sababbi daga 2019 zuwa 2022 har sai da ta tsara sharuɗɗa. Jamus ta yi doka a 2023 cewa daga 2027 duk wutar da cibiyoyin ke sha ta zama daga makamashi mai sabuntuwa. Namu na nan gida yawancinsu suna Legas, sai na kamfanin gwamnati Galaxy Backbone a Abuja da Kano, kuma ba su yi girman na waje ba tukuna. Yanzu ne lokacin sa musu sharaɗi, tun ba a gina su da yawa ba, balle a ƙasa mai zafi inda sanyaya kwamfuta ke cin wuta sosai.

Amma ni a nawa ganin, mu nan Zariya ba nan gizo ke saƙar ba. Namu biyu ne: dizal ɗin da Injiniya ya yi bayani, da gajeren ran waya.

Kusan kashi 80 cikin 100 na hayaƙin da wayar zamani ke jawowa a duk rayuwarta, an riga an fitar da shi kafin ta iso hannunka, wurin haƙo ma'adinai da narka su da ƙera sassanta. Cajin da muke yi kaɗan ne a kan wannan. Saboda haka wayar da aka riƙe shekara huɗu maimakon biyu, ta rage kusan rabin ɓarnarta a kowace shekara. Duk batirin da ka canja, duk wurin cajin da ka gyara, sabuwar waya ce ka hana a ƙera. Turawa sun gane wannan shi ya sa dokokinsu suka karkata can. Daga 28 ga Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a Tarayyar Turai dole ta yi amfani da caja irin USB-C. Daga 20 ga Yuni 2025 kuma dole kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyara har shekara 7 bayan ya daina sayar da samfurin, ya ci gaba da sabunta manhaja aƙalla shekara 5, batirin kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Faransa a 2021 ta fara sa a rubuta wa waya maki daga cikin 10 a kan sauƙin gyaranta, mai saye ya gani kafin ya biya.

Za mu iya yin irin wannan? Ƙofar a buɗe take. Duk samfurin wayar da za a sayar a Najeriya a bisa doka sai NCC ta gwada shi ta amince. A wannan gaɓar za a iya ƙara sharaɗi: kawo shaidar za ka samar da sikirin da batir na asali na tsawon shekaru kaza, a farashin da aka bayyana. Kasuwarmu ba ƙarama ba ce da kamfani zai yi fushi ya tafi. Gwamnati kanta babbar mai saye ce, kwamfutoci nawa ake saya wa ma'aikatu da makarantu kowace shekara? Ta sa sharaɗin a takardar kwangila.

Maganar shara kuwa, doka akwai ta, kuma NESREA ce mai alhaki, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007. Tarihin ya faro ne daga 1988, lokacin da aka kawo dubban tan na shara mai guba daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu. A shekarar aka yi dokar hana shigo da irin wannan shara, a 1989 kuma duniya ta ƙulla yarjejeniyar Basel a kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe. A 2011 NESREA ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki, aka sabunta su a 2022. Ginshiƙinsu shi ne wanda ya ƙera ko ya shigo da kaya, shi ke da nauyin kwashe shi idan ya mutu. An kafa ƙungiyar EPRON a 2018 don ta tara kuɗin daga kamfanoni ta biya masu tattarawa da masu sarrafawa. A 2024 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan batura. Matsalar ita ce yawancin masu sarrafa sharar da ke da rajista suna Legas, tsarin bai iso layinku ba. Ba mu kaɗai ba ne: duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kashi 22.3 cikin 100 kawai aka tabbatar an sarrafa yadda ya dace, a Afirka kuwa bai kai kashi 1 ba.

Kafin tsarin ya iso, don Allah ka raba baturan nan da sauran kaya. Ka naɗe bakin kowanne da salatif, ka zuba su a gwangwanin ƙarfe mai yashi busasshe, nesa da rana da janareto. Kumburarren batirin litiyam idan ya huje yana kamawa da wuta, kuma wutarsa na da wuyar kashewa.

Hajiya, gaskiyarki a kan cewa ba mu muka ɓata duniya ba, kuma haƙƙi ne ƙasashen da suka ɓata su kawo kuɗin gyara. A tsarin dokar, mai shigo da kaya ne ke biya, ba mai shago ba, kodayake ba zan ɓoye miki ba, wani abu daga ciki zai shiga farashin sabuwar waya. Amma hayaƙin layin PZ ba Bature ke shaƙarsa ba, ƙanen Malam Mai Gyara da ke zaune a teburin caji ne. Ko babu maganar ɗumamar duniya, wannan kaɗai ya isa dalili.

Ɗan Gwangwan Sabon Gari:

Ranka ya daɗe Malam, na karanta duka. Ni ne mai sayen fanel ɗin da ake magana, ina da yara masu zagaye da kura. Ina so a fahimci abu ɗaya: tsarin tattarawar da ake cewa babu, akwai shi, mu ne. Babu lungun da yarana ba sa shiga daga Kwangila har Ƙofar Doka. Fanel muna saye domin akwai masu karɓa a hannunmu su wuce da shi Kano da Legas, daga can a fitar waje a cire jan ƙarfe da ɗan zinaren da ke ciki. Batirin waya ba ma saye domin babu mai karɓa. Ranar da aka sa masa farashi, ko kaɗan ne, ba za ka ƙara ganin guda ɗaya a bola ba.

Ƙona wayar wuta don a cire jan ƙarfe, ana yi, ba zan musa ba. Na ga yaron da ke tsaye a kan wutar taya yana juya waya da sanda, hayaƙi kore da baƙi na dukan fuskarsa, da dare ya kwana tari. Akwai injin fere waya da ke cire robar ba tare da wuta ba, amma yana son kuɗi yana son lantarki. Babban batirin infata kuma, irin na Hajiya, shi ya fi ban tsoro. Ana fasa shi da gatari, a zubar da ruwan a ƙasa, a kwashe dalmar. Duk wanda ya tuna yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne, duk da can daga dutsen zinare ta fito. Yanzu kuma kowane gida na sa sola, nan da 'yan shekaru baturan nan duk hannunmu za su dawo.

Na san a cikinmu akwai ɓata-gari masu sayen kayan sata, irin baturan da Injiniya ya ce. Shi ya sa aka taɓa hana sana'ar a Borno da Abuja. Amma korarmu ba za ta kwashe sharar ba. A yi mana rajista, a ba mu wuri ɗaya da inji da safar hannu, a ce ga inda za ku kai ga kuɗin da za a biya ku. Wanda aka kama da kayan sata a ƙwace rajistarsa.

Mai Gyara PZ:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malam, yau da safe na sa ƙanena ya samo yashi, mun raba su kamar yadda ka ce. Maganar NCC da kayan gyara ita ta fi shiga raina, domin sikirin ɗin da muke samu a kasuwa kala-kala ne, wani ka sa yau bayan ɗan lokaci ya dawo da layi a fuska, kwastoma ya ɗauka kai ne ka cuce shi. Da akwai na asali a farashin da aka sani, da mutane sun fi yarda da gyara. Zan kai maganar gaban shugabannin ƙungiyarmu a zama na gaba, har da shawarar Alhaji Ɗan Gwangwan ta a sa wa batir farashi, mu rubuta wa ofishin NESREA da hukumar muhalli ta jiha da sunan ƙungiya.

Sai dai akwai abin da nake jin tsoro. Na ji wasu na cewa a hana shigo da wayoyi da kwamfutoci na hannu gaba ɗaya, wai Turawa na mayar da mu bola. Rabin kwastomomina ɗalibai ne na Kongo da Samaru da kwalejin Nuhu Bamalli, kuma da kwamfutar na hannu suke rubuta aikinsu na ƙarshe. Sabuwa ta fi ƙarfin iyayensu. Kuma bisa bayaninka, na hannun da aka ƙara wa shekaru ai ya fi sabon da zai mutu da wuri. To ya za a yi a raba mai kyau da shara?

Malam na Samaru:

Ba na goyon bayan hanawa, kuma doka ma ba ta hana ba. Abin da ta ce shi ne mai shigo da na hannu ya yi rajista da NESREA, kayan kuma ya kasance yana aiki. Wani bincike da aka yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki, kuma yawancinsu ba a kwantena suke zuwa ba, a cikin motocin na hannu ake cusa su, inda ba a cika bincikawa ba. Wurin da za a toshe ke nan: a riƙa buɗe motocin, a jona kayan a wuta a gani, wanda ya mutu a mayar da shi a kan kuɗin wanda ya kawo. Idan kun tashi rubuta takardar, ku sa wannan a ciki, ku kuma ƙirga adadin shagunan layinku da yawan baturan da kuke tarawa a wata, ku rubuta da lamba. Ka turo mini daftarin in duba muku kafin ku kai.